Amsa ga mai son sa tambarin shagonsa a allon ɗora Windows

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka jefa hoton shagonka cikin foldar sources ta filash, ka sa masa suna background.bmp, amma da ka tayar da kwamfuta allon Windows 10 ya fito da launinsa na da kamar ba ka taɓa komai ba. Wallahi ina karantawa na ji abin a jikina, domin kusan duk wanda ya gwada wannan aiki a nan ya fara yin tuntuɓe. Ka kwantar da hankalinka, hotonka lafiyarsa ƙalau, wurin da ka ajiye shi ne ba a dubawa.

Idan kwamfuta ta tashi daga filash, fayil ɗin boot.wim da ke cikin foldar sources take kwashewa gaba ɗaya ta zuba a RAM, shi ne X: ɗin da kake gani idan ka danna Shift da F10. Hoton da ke bayan allo daga cikinsa yake fitowa. Kuma boot.wim kashi biyu ne, na ɗaya Windows PE, na biyu Windows Setup. Na biyun ne naka.

Kwafe boot.wim zuwa C:\aiki, ka ajiye wani kwafin daban a gefe, ka buɗe folda fanko C:\mount. Dole ta kasance a kan NTFS, kada ka yi ta a filash mai FAT32. Buɗe CMD, wato baƙar tagar rubuta umarni, a matsayin Administrator, in ba haka ba kuskure mai lamba 740 zai tare ka, sai ka sa DISM, manhajar Windows mai buɗe irin wannan fayil, ya buɗe kashi na biyun a C:\mount, ka rubuta dism /Mount-Wim /WimFile:C:\aiki\boot.wim /Index:2 /MountDir:C:\mount. Idan ya ce maka 0xc1510111, fayil ɗin a kulle ya zo daga ISO, wato fayil ɗin Windows da aka yi filash ɗin da shi, attrib -r C:\aiki\boot.wim zai kwance shi. A cikin C:\mount za ka tarar da sources\background.bmp da Windows\System32\setup.bmp. Canza su duka biyun, in kana so har da winpe.jpg da ke System32 ɗin. Ba za su yarda ka taɓa su ba, don TrustedInstaller, wani asusun Windows na ciki, ne mai su, sai ka yi takeown /f a kan fayil ɗin, sannan icacls da /grant Administrators:F.

Hoton kuma, don Allah kada ka ɗauki JPG ka sauya masa wutsiya zuwa .bmp ka ce an gama. Buɗe shi a Paint, ka mai da shi 1024 da 768, ka ajiye a matsayin BMP mai 24-bit. Idan ya yi daidai nauyinsa zai kama 2.25 MB, in ka ga 200 KB to har yanzu JPG ne. Sunan shago da lambar waya ka sa su a kusurwa, tagar Setup tana zama a tsakiya ta rufe duk abin da ke bayanta.

Yanzu ga inda ran mutum yake ɓaci, wato rufe boot.wim ɗin da ka buɗe. Ka rubuta dism /Unmount-Wim /MountDir:C:\mount /Commit, lambobi suna hawa har 100%, ka fara murmushi, sai ga 0xc1420117, wai ba a iya rufe foldar gaba ɗaya ba. Ka duba ko'ina ba ka ga abin da ke buɗe ba. Alhali taga ɗaya ce ta Explorer da ka manta a ƙasa, ko Paint yana riƙe da hoton, ko antivirus yana leƙe, ko ma CMD ɗin kansa yana tsaye cikin C:\mount saboda ka yi cd ka shiga ba ka fito ba. Wannan na ƙarshen ya fi cin rai, domin kai da hannunka kake riƙe ƙofar da kake so ta rufu. Daga nan mutum yake fusata ya ce bari ya goge foldar da hannu, ta ƙi goguwa, rabi ya tafi rabi ya tsaya, DISM kuma ya ci gaba da ɗauka cewa boot.wim a buɗe yake, gobe ka zo sabon aiki ya ƙi. Ga mai kwamfuta a tsaye a kanka yana duba agogo. Kada ka goge komai. Rufe duk tagogi, koma C:\, duba halin da ake ciki da dism /Get-MountedWimInfo. Sau da yawa canjin ya riga ya shiga, sai ka sake rufewa da /Discard, in ya ƙi ka yi dism /Cleanup-Wim. In kuwa aka ɗauke wuta ana tsakiyar Commit a kan desktop mara UPS, kada ka ɓata lokacin gyara, ɗauko kwafin nan da na ce ka ajiye.

Masu bidiyon koyarwa ne suke ba ni haushi a nan. Su yanke wurin da kuskure ya fito, su nuna maka sakamako mai kyau da kiɗa a baya, ba wanda zai ce maka kashi na biyu ake buɗewa. Wasu ma su ce ka sauke nasu ISO ɗin "wanda aka gyara". Ka san me suka cusa a ciki? Kai ne za ka ɗora wa mutane shi a kwamfutar da suke shiga asusun banki, kuma tambarinka ne a allo.

Da ya rufu lafiya, mayar da boot.wim cikin sources na filash ɗin da ka yi da Rufus, manhajar haɗa filash ɗin ɗora Windows, ba sai ka sake haɗa ISO ba. Gwada a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, ko wata tsohuwar laftof tukuna, ba a injin kwastoma ba.

Abin da ba ka tambaya ba amma na san zai zo: bayan kwamfuta ta sake tashi, allon zaɓen ƙasa da madannai da asusu ba zai nuna hotonka ba. Wannan daga install.wim yake, manhaja ce take zana shi, babu wani BMP da za ka musanya. Tambarin HP ko Dell da ke fitowa da farko kuma a firmware yake, wato manhajar da ke dashe a jikin injin. Akwai HackBGRT mai canza shi, amma yana taɓa hanyar tashin injin, in akwai BitLocker, makullin diski na Windows, zai iya neman mabuɗin da mai kwamfutar bai taɓa sanin yana da shi ba. Ni ban ba ka shawarar yi wa injin wani ba.

In Windows 11 24H2 za ka gwada daga baya, an sauya fasalin Setup ɗin, kada ka ɗauka sakamako ɗaya za ka gani. Turo mana abin da dism /Get-WimInfo /WimFile:C:\aiki\boot.wim ya nuna maka da lambar kuskuren in ya fito, mu duba tare.