Shin makunni yana cikin lissafin layi?

Tambaya: Malam, ina gini a Garwa. Mai aikin wuta ya ce kada a wuce maki 8 a layin wuta ɗaya. Na ƙirga fitilu 6 da makunni 5, ga shi sun zama 11. Ashe ba a karya ƙa'ida ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, maki 6 kake da su. Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu aikin wuta a Kamaru suka fi bi, wurin da ake shan wuta take ƙirgawa, wato fitila ko soket. Makunni ba ya cin wuta, buɗe hanya da rufe ta ne aikinsa. Ƙa'idar Amurka ma haka ta raba su.

Layin fitilu yana ɗaukar maki 8, da waya mai kaurin 1.5 mm² da disjonkta (na'urar da ke katse wuta in lodi ya yi yawa) da bai wuce amfiya 16 ba. Layin soket a waya 2.5 mm² da amfiya 20 yana ɗaukar soket 12, a waya 1.5 kuwa 8 kaɗai. Inda ake yawan ruɗewa shi ne soket ɗin da makunni ke kunnawa, irin na fitilar gefen gado. Wannan cikin fitilu ake lissafa shi, kada a jona masa dutsen guga.

Abin da ya fi damuna ma ba lissafin ba ne. Ka tsaya a kan mai aikin ka ga wace waya ya bi da ita ta makunni. Dole mai wuta ce, ja ko ruwan ƙasa, ba shuɗiya ba. In shuɗiyar makunni ke yankewa, fitila za ta mutu amma wuta na nan a mazaunin ƙwai, mai canza ƙwai kuma ya sa hannu da tabbacin ya kashe. Kowane soket ya samu wayar ƙasa mai kore da rawaya, a kuma sa na'urar kariya ta miliamfiya 30, mai katse wuta in ta zurara, a allon rarraba wuta.

Tambaya: Daga Marwa nake. Zan iya jona na'urar sanyaya ɗaki a soket ɗin falo?

Amsa: A'a, Hajiya. A ja mata layinta daga allo, da nata disjonkta. A zafin Afrilu takan yi awanni tana aiki, in kuma sukurorin soket sun saki sai wurin ya ɗumama har roba ta narke.