Tambaya da Amsa: Da ECOWAS ta yaƙi Nijar a 2023, da tana da hujja?

Tambaya: Assalamu alaikum. A majalisarmu muna yawan muhawara kan barazanar da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta yi ta kai sojoji Nijar bayan juyin mulkin 2023. Wasu na cewa tsoro ne kawai ya sa ta ja da baya, tunda Najeriya tana da jirage da dakarun da za su gama aikin cikin 'yan kwanaki. Shin mallakar kayan yaƙi ta isa hujjar shiga yaƙi? Daga wani mai karatu a Jibiya, Jihar Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abokan muhawararka sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: ko akwai dalilin da zai halatta yaƙin, da kuma ko an shirya masa. A ganina, a batun Nijar duka biyun sun yi rauni.

Ba na kare juyin mulkin da aka yi wa Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, domin zaɓaɓɓen shugaba ne, kuma dogarawan fadarsa ne suka tsare shi. Sai dai kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta wa ƙasa amfani da ƙarfin soja kan wata, in ban da kare kai, kamar yadda sashe na 51 ya tanada, ko kuma da izinin Kwamitin Sulhu. Nijar ba ta kai wa kowa hari ba, Kwamitin Sulhu kuma bai ba da izini ba. Hujja mafi ƙarfi da masu goyon baya ke da ita ita ce Bazoum da kansa ya nemi ɗaukin ƙasashen duniya. A cikin gida ma, sashe na 5 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya shardanta amincewar Majalisar Dattawa kafin a tura soja fagen fama a waje, kuma a ranar 5 ga Agusta, kwana ɗaya kafin cikar wa'adin da ECOWAS ta bai wa masu juyin mulkin na su mayar da Bazoum kan mulki, sanatoci suka shawarci Shugaba Tinubu ya bi hanyar sulhu.

Batun shiri shi ne inda mutane suka fi ruɗuwa. Gaskiya ne Najeriya ta karɓi jiragen Super Tucano 12 daga Amurka a 2021, amma don yaƙi da 'yan ta'adda aka sayo su, kuma jirgi ba ya riƙe gari. Shirin yaƙi ya ƙunshi man fetur, abincin soja, kayan gyara, asibitin kula da waɗanda suka jikkata, da kuɗin da zai ɗauki wannan duka na tsawon watanni, a lokacin da dakarun ƙasar ke fafatawa da Boko Haram a Borno da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina. Masu kafa hujja da shigar dakarun ECOWAS Gambiya a 2017 suna mantawa cewa ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kusan kewaye ta, kuma sojojinta ba su tsaya wa Yahya Jammeh, shugaban da ya ƙi sauka bayan faɗuwa zaɓe, ba. Nijar kuwa ta fi Najeriya faɗin ƙasa, Bazoum yana hannun sojojin, sannan Mali da Burkina Faso sun ce duk harin da aka kai mata tamkar an kai musu ne.

Kai da kake Jibiya ka fi ni sanin sauran. Iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, ta taɓa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kuma mutanen Maraɗi da na Katsina 'yan uwan juna ne na jini da auratayya. Rufe iyaka kaɗai ya bar manyan motoci jere a hanya, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu, balle a ce an fara ɓarin wuta. Wannan ne ya sa malamai da sarakuna suka yi ta zarya zuwa Yamai, kuma ban ga tsoro a cikin abin da suka yi ba.

Dole kuma a faɗi cewa sulhun bai biya buƙata ba. An ɗage takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar a Fabrairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, a lokacin kuwa Bazoum yana nan tsare.