Wa'adin haƙƙin ƙirƙira: daga yaushe ake fara ƙirgawa?

Malam, ka ce an ba ka takardar haƙƙin ƙirƙira kan injin da ka haɗa shekara huɗu bayan ka shigar da buƙata, kuma lokacin biyan kuɗin sabuntawa na bana ya wuce ka da wata uku. Kana tambaya ko har yanzu shekara 20 ɗinka na nan.

Ba su nan cif. Yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta sa wa'adin kada ya gaza shekara 20, amma daga ranar da ka shigar da buƙata ake ƙirgawa. Shekara huɗun da ka yi kana jira sun fita daga rabonka, 16 suka rage ranar da takardar ta shigo hannunka. A Amurka, idan ofishin rajistar ne ya ja ƙafa, akan mayar wa mutum kwanakin da aka ɓata masa. Masu haɗa magunguna a Amurka da Turai kuma kan samu ƙarin har shekara 5, saboda jiran izinin sayarwa. Injinka bai shiga wannan sahun ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kuɗin nan. Takardu da yawa ba sa kaiwa shekara 20, rashin biya ne ke kashe su tun da wuri. A Turai duk shekara ake biya, kuɗin kuma yana hawa. A Amurka sau uku ne, a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, da 11 da rabi bayan ba da takardar. Yarjejeniyar Paris kan kare haƙƙin ƙirƙira tsakanin ƙasashe ta wajabta a ɗaga wa mai takarda ƙafa aƙalla wata 6, ya biya haɗe da tara. Ke nan wata uku suka rage maka. Idan suka wuce, haƙƙin ya faɗi, kowa na iya ƙera injin ya sayar. Ana iya neman a farfaɗo da shi, amma sai ka gamsar da ofis cewa ba da gangan ka bari ba, wasu ofisoshin ma sai ka nuna ka yi iya ƙoƙarinka. Wanda ya fara ƙerawa a tsakanin kuwa, a ƙasashe da dama doka kan bar shi ya ci gaba.

Ko ka biya, kotu na iya soke takardar idan wani ya tabbatar an san abin kafin ka shigar da buƙata.

Don Allah ka ɗauko takardar yau, ka duba ranar shigarwa, ka biya a cikin makon nan, ka adana rasit. Idan ka yi rajista a ƙasa fiye da ɗaya, kowace da nata lissafin, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.