Kakan matata ya zauna Viyana tun 1914, ɗan Ostiriya ne?

Malam, na ga tambayarka kan ko matarka za ta iya samun zama 'yar ƙasar Ostiriya ta hanyar kakanta, da batun zuwa kotu da na takardunsa da ke hannun ɗan kawunta, kuma zan fara da gyara abu ɗaya, don a nan yawancin masu binciken asali suke tuntuɓe. Zaman da kakan matarka ya yi a Viyana bayan ya gudo daga Galisiya, wani yanki na daular Ostiriya da Hangari a wancan zamani, lokacin da sojojin Rasha suka shigo a 1914 bai sa ya zama ɗan sabuwar ƙasar Ostiriya ta bayan 1918 ba, ko da shekara ashirin ya yi a can. Da daular Ostiriya da Hangari ta rushe a 1918, abin da aka duba shi ne garin da mutum yake da rajistar asali, wato Heimatrecht, to idan nasa na Lemberg ne (babban birnin Galisiya, Lviv na Ukraine a yau, wanda ya koma hannun Poland bayan rushewar daular), mai yiwuwa dokar ta ɗauke shi ɗan Poland ne ko bai taɓa komawa ba.

Za ka ce ai yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919, wadda aka ƙulla da Ostiriya bayan yaƙin duniya na farko, ta ba da damar zaɓin zama ɗan Ostiriya. Haka ne, sashe na 80, amma sharaɗin shi ne jinsi, wato ƙabila, da yare, kuma a 1921 ministan cikin gida Leopold Waber ya riƙa ƙin amincewa da takardun Yahudawa wai ba jinsin Jamusawa ba ne, mutanen da Jamusanci ne yaren gidansu. Da yawa haka suka zauna ba ƙasa.

Amma fa wannan bai rufe ƙofa ba, gwargwadon abin da ka faɗa min. Tun 1 ga Satumba 2020 sashe na 58c na dokar zama ɗan ƙasar Ostiriya ya haɗa da jikokin waɗanda suka gudu daga Nazi, har da marasa ƙasa da 'yan ƙasashen da suka fito daga daular, in dai suna zaune a Ostiriya suka fita kafin 15 ga Mayu 1955. Ban ce za a ba matarka zama 'yar ƙasa ba, sai na ga takardu.

Kotu ba ta taso ba tukuna. A nemo Meldezettel ɗin kakan, wato takardar rajistar inda ya zauna, a ma'ajiyar tarihi ta Viyana, da takardun haihuwa da suka haɗa shi da matarka, a kai ofishin jakadancin Ostiriya.

Shi kuma ɗan kawun nata da ya riƙe akwatin takardun yana jan rai, gaskiya ba shi da dalili, hoto kawai ake nema. A sa wani babba a dangi ya yi masa magana, ya fi sauri kuma ya fi sauƙi a kan wasiƙar lauya.