Kalmar "Jaufu" da Azumin Wanda Aka Zura wa Na'urar Duba Ciki

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni direba ne a Jidda, ina fama da gyambon ciki. Da rana a Ramadan likita ya yi mini minzar, wato binciken ciki da bututu mai kyamara, ya duba mini hanji. Kafin ya zura ta bakina sai da ya fesa mini magani a maƙogwaro, na ji ɗacinsa yana gangarawa. Wani a masallacinmu ya ce duk abin da ya shiga "jaufu" ya karya azumi, har kaffara ta hau kaina. Mene ne jaufu, kuma ina matsayin azumina?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwana. Ka rama yini ɗaya. Babu kaffara, babu zunubi, ai marar lafiya ne kai.

Amma ba bututun ne ya jawo maka ramuwar ba, ɗacin nan ne da ka ji ya wuce maƙogwaro. Da ba ka ambace shi ba, da sai na tambaye ka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 10 a nan Jidda cikin 1997, ta ce na'urar duba tumbi ba ta karya azumi matuƙar ba a shigar da ruwa ko wani abu tare da ita ba. A aikace kuwa da wuya ta shiga a bushe: ana shafa mata abu mai santsi, ana watsa ruwa don wanke idon kyamarar.

Ka ce an duba maka hanji. Mu Hausawa "ciki" muke cewa mu haɗa komai, to wanda aka bi ta baki tumbi ya fara isa, wato ma'ida. Da ta dubura aka bi, magana ce daban: a mazhabar Malik maganin ruwa da aka ɗura ta nan yana wajabta ramuwa, daskararre kuwa ba ya wajabtawa.

Sai maganar mutumin masallacinku. Yana da magabata, domin Shafi'awa sun faɗaɗa jaufu har ya haɗa da cikin kunne da ƙoƙon kai, kuma muna girmama su. Sai dai hujjar ba ta tsaya ba. Jaufu a Larabci shi ne kogon kowane abu. Ana cewa jauful-laili, tsakar dare. Lardin Jauf da ke arewacin ƙasar nan ma daga kwarin ƙasa ya samo sunansa. A Alƙur'ani kalmar ta zo a Suratul Ahzab aya ta 4, inda ake nufin mazaunin zuciya. Ayar azumi kuwa ci da sha ta ambata, ba ta ce jaufu ba. Malaman fiƙihu ne suka ɗauko kalmar don su fayyace inda ci da sha ke ƙarewa, saboda haka ba daidai ba ne a mayar da ita kamar nassi a hau kirga kogunan jiki da ita. Baki ma kogo ne, ga shi muna kurkure shi a alwala muna azumi. An hana mai azumi zurfafa shaƙa ruwa ne don hanci hanya ce zuwa maƙogwaro, ba don shi kansa rami ne ba. Hanafawa ma, da suka faɗaɗa, sun shardanta abin ya zauna a ciki; wanda bakinsa ɗaya ke waje a hannun likita bai zauna ba. Batun kaffara kuwa, wannan ganganci ne a fatawa. Ɗora wa majinyaci azumin wata 2 a jere ba ƙaramin abu ba ne, ka gaya masa cikin ladabi ya daina.

Abin da ya fi damuna shi ne kai. Mai gyambon ciki yana yini a kan titi da zafin Jidda, ya buɗe baki da gahawa da yaji, wani lokaci ya haɗiyi maganin ciwon jiki ciki babu komai. Ka tambayi likitanka kai tsaye ko azumi zai cutar da kai. In ya ce e, ka ajiye, ka rama lokacin sanyi. In ka ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko ka yi aman jini, kada ka jira magariba, ka tafi asibiti. In za a sake duba ka, ka nemi a sa maka lokaci bayan isha'i. Kuma ranar da aka yi maka allurar barci kada ka taɓa sitiyari, rayukan mutane ne a bayanka.

Allah ne mafi sani.