MariaDB ba ya tashi bayan an ɗauke wuta: laifin rabon faifai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da kwamfutar bayanan ɗalibai a wata Islamiyya a Aboabo, Kumasi, kuma Debian ce, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, a kanta. Na ware wa MariaDB, manhajar da ke adana bayanan, faifai na biyu a /srv/bayanai. Duk lokacin da aka yi dumsor, wato ɗauke wuta, kwamfutar tana tashi amma MariaDB sai na tayar da shi da hannu. In haɗe komai a ɓangare ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka haɗe su, domin rabon da ka yi daidai ne: idan bayanai suka cika faifansu, tsarin kansa zai ci gaba da aiki. Matsalar tana wajen wanda zai riga wani tashi.

Tun daga Debian 8 na shekarar 2015, systemd ne ke tayar da ayyuka, kuma yana sakin su ne a lokaci guda, sai wanda aka umarta ya jira. Ina kyautata zaton akwai kalmar nofail a layin faifan cikin /etc/fstab (fayil ɗin da ke lissafa faifan da tsarin zai ɗora idan ya tashi), wadda ke ba tsarin izinin wucewa ba tare da jiransa ba. Bayan wuta ta yanke kwatsam, faifan yana ɗaukar lokaci ana duba lafiyarsa, kafin a gama kuwa MariaDB ya riga ya leƙa, ya tarar da wurin babu komai, ya mutu.

Gyaran ba shi da wuya. Rubuta systemctl edit mariadb, sannan a ƙarƙashin [Unit] ka sa RequiresMountsFor=/srv/bayanai. Na fifita wannan ne saboda After= jeri kawai yake tsarawa, Requires= kuma yana jawo abin da ake buƙata ba tare da ya ce a jira shi ba, shi kuwa wannan layin ya haɗa duka biyun.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin da ba sa mutuwa kamar yadda MariaDB yake yi. Wasu sukan zuba fayiloli a /srv/bayanai tun faifan bai hau wurin ba, idan ya hau sai ya rufe su, a ɗauka sun ɓace. Don haka duk aikin da ke taɓa faifan ka sa masa wannan layin.

Ka kuma duba fstab: idan /dev/sdb1 ka rubuta, ka musanya shi da lambar UUID, wato lambar shaidar faifan, da umarnin blkid zai nuna maka, domin sunayen faifai sukan sauya tsakanin wannan tashi da na gaba.