Kwalliyar lokacin kaka da yara: in wake ya shiga hanci fa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a jihar Ohayo ta Amurka. A makarantar 'yata mai shekara 6 an ce kowane yaro ya haɗo kwalliyar ƙofa da kayan gona saboda bikin Ranar Godiya da suke yi Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Na sayo masara mai launi-launi da busasshen wake. Damuwata ƙaninta ne, shekararsa 2 da rabi, komai ya gani sai baki. Surukata ta ce min a waya abin gona ba ya cutarwa, in ma ya cusa a hanci a ɗiga masa mai ya fito. Hankalina dai bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yara. Gara da bai kwanta ba.

Kwalliyar ba wuya. Ki yanke kwali kamar faifai, ki huda tsakiya, ki jiƙa ɓawon masara a ruwan ɗumi ya yi laushi, yayar ta manna shi da busassun ganyaye da farin gam na 'yan makaranta. Ƙanin a shafa masa fentin yara a tafin hannu ya danna a takarda: babban yatsa kan talotalo, sauran jela. Wake da ƙwayar masara kuwa sai ya yi barci, a share ƙasa kafin ya farka. Duk abin da zai wuce ta cikin kwalin takardar bayi, ɗan ƙasa da shekara 3 ba ya taɓa shi.

Allah ya ƙara wa surukarki Hajiya lafiya, amma a nan mun raba hanya. Maganar ɗiga mai ta ishe ni. Asalinta ƙwaro ne: in ya shiga kunne yana motsi, akan sa mai ya mutu. Sai aka ɗauki wannan aka yafa wa komai. Wake ba ƙwaro ba ne. Duk mai jiƙa wake don ƙosai ta san yadda yake kumbura. Haka yake yi a hanci ko kunne in ya sha ruwa, abin da za mu cire cikin minti biyu sai ya kai ga sa wa yaro maganin barci. Mai kuma a hanci santsi yake sa wa ƙwayar, ta zame ta yi baya. Ga masu tsinken ashana da auduga, ga mai kemis ɗin da ke zura almakashi yana cewa ya saba. Sai hancin ya yi jini ya kumbura a kawo mana.

In a hanci ne kuma yaron yana numfashi lafiya, dabara ɗaya na yarda da ita a gida: ki toshe ɗaya hancin da yatsa, ki haɗa bakinki da nasa, ki hura da ƙarfi sau ɗaya. Bai fito ba, asibiti. Kunne kada ki taɓa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yaron da ya ƙware, ya yi tari har ido ya yi ja, sannan ya yi shiru, gida kowa ya ce alhamdulillahi ya wuce. Sau da yawa ƙwayar ta sauka huhu ne, galibi ɓangaren dama, kuma hoton ƙirji ba lallai ya nuna ta ba. Bayan makonni sai zazzaɓi da tarin da ba ya jin magani. Majina mai wari daga hanci ɗaya tak kuma alama ce ta cewa wani abu ya maƙale a hancin.

Kada kuma a sa idon zakara ko 'ya'yan zurma don kyau, guba ne in aka tauna. Ki ajiye lambar cibiyar guba ta Amurka a wayarki, 1-800-222-1222. In numfashi ya tsaya, lambar gaggawa ta 911 za ki kira kafin ki kira Hajiya.